Mutum na Biyar na Rijiyar Rumbu

Dakoro, Litinin, 11 ga Fabrairu, 1957

Daga: Azumi 'yar Arzika, mai sayar da gyaɗa, mazauniyar bayan kasuwar dabbobi, Dakoro.

Ta hannun: Malam Na'Allah, mai rubuta wa jama'a takardu a bakin kasuwa.

Zuwa ga: Mai Girma Kumandan Dakoro, uban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Barewar Tarka.

Game da: Mamacin da aka shelanta a filin ƙwallo ranar Lahadi 27 ga Janairu cewa ba shi da kowa, alhali uwarsa tana tsaye a wurin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda ya dace da kujerarka, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da dukan ma'aikatan bariki, mai ƙorafi Azumi 'yar Arzika tana neman izini ta kawo kukanta gabanka. Ba ta taɓa taka ƙofar biro, wato ofishinka, ba tun da aka gina shi, ba ta san boko ba, ba ta kuma da namijin da zai tsaya mata. Saboda haka ta zo wurin mai rubutun nan ranar Juma'ar da ta wuce, ta zauna a bakin tabarma tun hantsi har la'asar, ta faɗi abin da za ta iya faɗa. Abin da ta kasa faɗa mai rubutu ya cike daga abin da ya gani da idonsa, domin shi ma yana filin ranar da abin ya faru. In an ga wani wuri da alƙalami ya yi zafi, laifin mai rubutu ne, kada a ɗora mata.

1. Mai ƙorafi haifaffiyar Sabon Maci ce, shekarunta sun kusa hamsin. An yi mata aure da wani makiyayi mai suna Intalla, ta bi shi arewa zuwa Tagiris, can ta haifi ɗanta na fari, can aka yanka masa rago aka raɗa masa suna a cikin dangin ubansa. Yaro bai yi arba'in ba Allah ya karɓi ran Intalla. Shekarar kuwa ita ce wadda fara ta cinye gero, dangin miji suka watse kowa ya bi inda dabbarsa ta ja shi, ita kuma ta goyo jaririnta ta yo kudu da ƙafa. Mutanen kudu ba su ji sunan yanka ba, sai suka riƙa kiran yaron Maraya, sunan ya bi shi har girma. Ba ta sake aure ba, ba ta sake haihuwa ba. Iyayenta da wanta duk sun riga mu gidan gaskiya. Shekara ashirin da shida su biyu ne a gida ɗaya, ita da shi, da akuya.

2. Ranka ya daɗe, a nan akwai abin da dole a bayyana maka, domin a kansa dukan maganar ta rataya. A ƙasar nan mace tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane, in kuwa wani ya tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta kau da kai ta ce na mutane ne. Wannan ba ƙiyayya ba ce, mutunci ne, kuma duk wanda ya sha nono a ƙasar nan ya san iyakacin yadda mace ta ɓoye fuska, iyakacin yadda ɗan ya shiga ranta ke nan. Bisa al'ada kaka ce ko goggo ke ɗauke ɗan fari ta rene shi, uwar ta samu sauƙi. Ita Azumi ba ta samu wanda zai ɗauke mata ba. Ita ta shayar, ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta sayar da zanenta ta yi masa kaciya, amma ko sau ɗaya bakinta bai furta sunansa ba, na yanka ko na gari. Maƙwabta sun sha ce mata ta sassauta, tunda ba ta da wani bayansa, ta ce abin da ta tarar ke nan. In tuwo ya nuna sai ta dubi akuyar ta ce, "Ke, a hwaɗa ma wani abinci na hucewa." Shi kuma da ya girma ya gane, sai ya shafa kan akuyar ya ce, "A ce mata an gode." Duk unguwa an san wannan, ana yi masu dariya, su ma suna yi.

3. Maraya ya tashi mai haƙar rijiya, sana'ar da ba a koyonta sai da zuciya. Ranar Alhamis 10 ga Janairu na wannan shekara, wajen azahar, rijiyar da ake haƙa wa mutanen wani ƙauye a ƙasar Rumbu ta rufta a kan mutum biyar, sun kai gaba ashirin da wani abu a ƙasa. Shi yana cikin waɗanda ke can ƙarshe. An kwana uku ana kwasar rairayi yana komawa, daga bisani malamai suka ce a bari, aka yi masu salla a bakin ramin aka cike shi. Mai girma ya san wannan, domin ya aika gardi biyu daga cikin masu tsaron bariki. Abin da bai sani ba shi ne mai ƙorafi ta tafi Rumbu da ƙafa, ta tsaya nesa da jama'a, ba ta yi kuka ba, domin ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ba ta ga gawa ba, ba ta ɗinka likkafani ba, ba ta da kabarin da za ta nuna. Ta komo da takalmansa da ya tuɓe a bakin rijiya, waɗanda wani ya miƙa mata.

4. Ɗaya daga cikin biyar ɗin, Rhissa, shi ne mai tsaron gida na Barewar Tarka. Saboda shi ƙungiyar ta yanke shawara cewa kafin wasanta da baƙi daga Madawa za a karanta sunayen mamatan duka, a tsaya shiru na minti ɗaya kamar yadda ake yi a ƙasarku. Mai ƙorafi ba ta da ja a kan wannan, niyya ce mai kyau, Allah ya ba su ladarta. Kuma da yake a kwanakin farko an yi ta ƙirga wani mutum cikin matattu har sai da aka gan shi yana cinikin jaki a kasuwa, ƙungiyar ta kafa doka cewa ba za a rubuta sunan kowa ba sai danginsa sun tabbatar da bakinsu. Wannan ma doka ce ta hankali. Abin da ba na hankali ba shi ne, ƙungiya mai 'yan ƙasa fiye da goma sha biyar, malaman lakwal, wato makarantar boko, da gardawa da telolin gari, ta rasa wanda za ta aika sai magatakardarta, baƙo daga ƙasashen bakin teku, wanda bai cika shekara a Dakoro ba, Hausarsa kuwa ba ta wuce ta sayen nama ba. Aka sake shi shi kaɗai a kan keke, da littafi da fensir.

5. Ya iso gidan mai ƙorafi ranar Talata 22 ga Janairu da rana tsaka. Maƙwabciyarta Uwale, wadda da tana nan da ta fassara masa abin da ba a faɗa da baki, ta tafi ɗebo ruwa. Ya yi sallama da ladabi, wannan mai ƙorafi ta ce lalle a rubuta, domin ba ta son a zalunce shi. Ya tambaye ta ko Maraya ɗanta ne. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ɗan mutane ne." Ya tambayi sunansa na gaskiya, ta dubi ƙasa. Ya sake tambaya, ta dubi ƙasa. Da ya yi ta uku sai ta tashi ta shige ɗaki. A zatonta ta ba shi amsa cikakkiya, domin macen da aka ambaci saurayi ta rufe fuska ta gudu ɗaki, wace shaida kuma ake nema? Har ta fito ta ƙulla masa gyaɗa a tsumma ta ba shi, don godiyar cewa manya sun tuna da ɗan talaka. Ya karɓa, ya yi godiya, ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau kekensa. Shi a nasa zaton ya tambayi wata tsohuwa da yaron ke kwana a gidanta, ta ce ba nata ba ne.

6. Ranar Lahadi 27 ga Janairu da la'asar, mai ƙorafi, wadda ba ta taɓa kallon ƙwallo ba, ba ta ma san don me ƙatti ke bin fata ɗaya da gudu ba, ta yi wanka ta ɗaura baƙin zanenta na salla, ta bar tiren gyaɗa a gida a ranar da ya fi kowace rana ciniki. Ta tsaya can baya gindin aduwa, ita da Uwale. Tun da aka cike rijiyar nan ba ta sa ran komai ba sai wannan. Abin da ba ta iya faɗa da bakinta, yau wani zai faɗa a gaban Kumandan da sarki da dukan gari, ita kuma ta ji da kunnenta ba tare da ta karya al'ada ba.

Mai girma yana zaune a rumfa, ya ga abin da aka yi. An jera 'yan wasa ashirin da biyu, kowa da baƙin ƙyalle a damtse. An ajiye hular Rhissa a tsakanin sandunan gida. Magatakarda ya karanta da Faransanci, tafinta yana mayarwa da Hausa da babbar murya. Mutum huɗu, kowa da sunansa da na ubansa da garinsu, kowane suna aka faɗa sai a ji wani gefen fili ya amsa da salati. Da aka zo na biyar sai tafinta ya ɗan tsaya, ya dubi takardar, sannan ya ce, "Da wani ma'aikaci, wanda aka bincika ba a samu kowa nashi ba."

Sai aka busa usur, aka yi shirun.

Ranka ya daɗe, mu a nan Fatiha muka sani, ba mu saba da tsayuwar shiru ba, amma ranar mun ga tsawon minti ɗaya. Mutanen da suka san gaskiya a filin nan sun fi ɗari. Sun san akuyar, sun san gidan, da yawansu sun sha ruwan rijiyoyin da ya haƙa. Babu wanda ya buɗe baki, saboda an ce doka ce a yi shiru, kuma Kumandan yana tsaye ya cire hula. Babu ma wanda ya waiwaya ya dube ta, kowa ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ce ta yi laifin. Mai rubutun nan yana sahu na biyu, ya sani, ya yi shiru tare da su, kuma ba zai ɓoye wa mai girma cewa kunyar wannan ce ta sa ya ƙi karɓar ladan rubuta wannan takarda ba. Uwale kaɗai ta kama wuyan hannunta. Aka sake busa, fili ya ɗauki ihu, Barewa ta ci biyu da ɗaya. Mai ƙorafi ba ta ga ko ɗaya ba, ta kama hanyar gida ita kaɗai tun ba a taɓa ƙwallon ba, ihun yana bin ta har ƙofar ɗaki.

7. Tun daga ranar gari ya rabu biyu a kanta, kuma babu ɓangaren da ya zo ya zauna da ita. Wasu matan suna cewa a bakin rijiya ta yi musun ɗanta a gaban baƙo, ta sa an binne shi sau biyu. Wasu tsofaffi suna cewa ta yi daidai, 'yar halas ce, ta riƙe kunya har ƙarshe, suna yaba ta daga nesa suna wucewa. Masu zuwa gaisuwa, da ma ba su da yawa, sun ɗauke ƙafa. Ta daina fita da gyaɗa. Uwale ta shaida cewa tuwon da ta kai mata da safe shi take tararwa da yamma.

Mai rubutu ya ce mata maganar mutane iska ce, ta yi haƙuri. Ta ce ba maganar mutane ke hana ta cin abinci ba. Ta ce baƙon nan ya zauna da ita ɗan lokaci kaɗan ya tashi da cewa yaron ba shi da kowa, to shi da ya zauna da ita shekara ashirin da shida, bai taɓa jin ta kira shi ba, bai taɓa jin ta ce nata ne ba, wa ya san abin da ya tafi da shi a ransa? Ta ce a da tana da tabbacin ya gane. Yanzu ba ta da shi, kuma babu wanda za ta tambaya. Mai rubutu ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubuta wa mutane kukansu, na gona da na aure da na shanun da suka ɓata, bai taɓa ajiye alƙalami a tsakiyar rubutu ba sai a nan.

8. Kafin ta dame ka, mai ƙorafi ta bi hanyar da ta kamata. Ranar Laraba 30 ga Janairu ta je gidan shugaban ƙungiya tare da Uwale, aka ce ya tafi Maraɗi. Ranar Asabar 2 ga Fabrairu ta same shi, Uwale ta yi bayani, ya dafe kai ya yi salati, ya ce wallahi kuskure ne, amma takardar an buga mata hatimi an kai bariki, ba shi da ikon taɓa ta sai da izinin uban ƙungiya. Ranar Alhamis 7 ga Fabrairu ta koma, ya ce wasa ya riga ya wuce, ba a yin shiru sau biyu a kan mutuwa ɗaya, baƙi za su yi mana dariya. Ya sa aka auno mata gero. Ta gode, ta bar shi a zaurensa. Shugaban ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan fari ne, uwarsa tana raye a Sabon Maci kuma har yau ba ta kiran sunansa. In baƙo ya yi kuskure don bai sani ba, shi wane uzuri zai kawo?

Saboda haka, ranka ya daɗe, mai ƙorafi tana roƙon mai girma da ƙanƙan da kai:

Na farko, kada a hori magatakarda, kada a taɓa aikinsa. Ya yi sallama, ya tambaya, ya rubuta abin da ya ji. Ta ce shi ma ɗan wata ne, yana nesa da gida.

Na biyu, a fito da takardar 27 ga Janairu daga inda take, a soke layin da ya ce ba a samu kowa nashi ba. Ba ta neman diyya, ba ta neman gero, ba ta neman a tone rijiya.

Na uku, an ce Barewar Tarka za ta sake wasa a filin nan ranar Lahadi 24 ga Fabrairu, kwana biyar bayan sadakar arba'in. Tana roƙon mai girma ya ba da izini, kafin a busa, a jera 'yan wasa kamar wancan karo, tafinta ya karanta suna ɗaya. In minti ɗaya ya yi wa ƙungiya yawa, rabinsa ya isa. In baƙin ƙyalle ya ƙare, ita za ta yaga zanenta ta kawo.

Saura sunan. Ranar Juma'a mai rubutu ya gaya mata gaskiya, cewa biro ba ya aiki da alama, kuma takarda ba ta san kunya ba. Uban yaron ya rasu, malamin da ya raɗa suna ya rasu, dangin da suka ci ragon babu wanda ya san inda suke, abokan aikinsa da watakila ya gaya wa suna tare da shi a ƙasa. A duk duniya babu mai wannan suna a baki sai ita. Ta buɗe baki sau biyu ta rufe, ta tashi ta tafi, mai rubutu ya bar wurin a buɗe. Yau da safe, kafin a share kasuwa, ta komo ita kaɗai. Ba ta zauna ba, ba ta rufe fuska ba. Ta faɗe shi sau ɗaya, a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya, sannan ta ce a maimaita mata ta ji ko an rubuta daidai. Da aka maimaita sai ta yi kukan da ba ta yi a Rumbu ba, a bakin kasuwa, mahauta suna kallo. Ga shi nan, ana roƙon a rubuta shi yadda yake, kada a rage:

Attaher, ɗan Intalla na Tagiris, ɗan Azumi.

Ta ce a ƙara wannan da bakinta, mai rubutu bai gyara ko kalma ba: "A hwaɗa ma Kumandan, ranar ba gindin aduwa zan tsaya ba, gaba zan taho. In an karanta, a tambaya da ƙarhi ko yana da kowa. Wanga karo ni zan amsa."

Allah ya ja zamanin mai girma, ya ba shi ikon duba kukan wadda ba ta da mai kai mata shi sai takarda. Muna jiran umurninka cikin biyayya da ladabi.

Mai ƙorafi,
Azumi 'yar Arzika, uwar mamacin
(ta dangwala babban yatsanta na dama)

Wanda ya rubuta da izininta, ya kuma karanta mata ta yarda,
Malam Na'Allah, bakin kasuwa, Dakoro